Wankan Rana ta Ashirin

Surukuwata ta zo Montreal daga N'Djamena don ta yi wa 'yarta wankan jego na kwana arba'in. Goma sha tara ta yi cikakku. A rana ta ashirin dusar ƙanƙara ta rufe gari, wutar lantarki ta ɗauke, washegari ni kuma na kasa buɗe baki in gaya mata magana guda ɗaya da na sani ita ba ta sani ba.

Da a gida muke, da matata gidansu za ta koma a unguwar Moursal tun kafin haihuwa, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ni kuwa sai in riƙa zuwa bayan la'asar, in tsaya a zaure, in aika a ce na zo. A can kunyar surukai ba ta da wuya, domin akwai tsakar gida, akwai zaure, akwai mutanen da za su kai saƙo su kawo amsa. Shekara huɗu da aurenmu, ban taɓa ganin fuskar surukuwata sosai ba, ita ma ba ta taɓa ambatar sunana ba. Amma takardun zamanmu ba su ba matata damar tafiya ba, sai muka nema wa tsohuwar biza. Ta sauka a ƙarshen Fabrairu, cikin lafaya ruwan toka da takalmin soso, ta bar zafi yana shirin kamawa a gida.

Gidanmu ɗaki biyu ne da falo, banɗaki ɗaya, a hawa na biyu. Na kwashe kayana na koma falo. Kafin in wuce ta ƙofar ɗakinsu sai in yi gyaran murya, ita kuma idan za ta fito alwala sai ta ja takalmi da ƙarfi, ni in shige kicin in tsaya ina kallon firij har ta wuce. Da safe in durƙusa a bayan ƙofa.

"Inna, kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya sanyi?"

"Da godiya."

Iyakar abin da ke shiga tsakaninmu ke nan a yini. In tana da magana da ni, jaririn take gaya wa. Namiji ne, tana kiransa angonta, kamar yadda kakanni ke yi. "Angona, ka gaya wa mutanen gidan nan kanwa ta kusa ƙarewa." Ni kuma in ji daga falo, in ɗauki riga in fita nema.

Ta zo da kayan aikinta: busasshen ganyen darbejiya cike da leda, gero, kanwa, turaren wuta a kwalabe uku, da ɗan ƙaramin kanun, murhun nan na waya da muke dafa shayi a kai. Ni na sayo babbar tukunya. Safe da yamma tana ɗora ta a murhun lantarki har ruwa ya tafasa, su kinkima zuwa banɗaki, ta tsoma ganye tana fyaɗa wa 'yarta a jiki. Daga falo ina jin ƙarar ganyen da shessheƙar matata, da muryar tsohuwar tana cewa, "Daure. Ni ma haka aka yi mini, ga ni nan." Ta yi imani, kamar yadda iyayenmu duka suka yi, cewa jikin mai jego a buɗe yake, in aka tsallake wanka ko sau ɗaya sanyi ya shige shi, ba ya fita. Tana da misali a hannu: wata ƙanwar mijinta a Gassi da aka yi wa wankan ganin dama, har yau ƙafafunta a kumbure. To balle a wannan ƙasa, inda ta ga da idonta ruwa ya zama dutse a bakin hanya.

Tun rana ta biyu aka samu matsala da turare. A silin falo akwai wata farar na'ura mai kamar faifai, aikinta ta yi kuka in ta ji hayaƙi ko gubar da wuta ke fitarwa. Tsohuwar ta ɗora ƙwayar garwashi biyu a kanun, ta zuba turare, sai na'urar ta ɗauki ihu. Jariri ya farka, maƙwabciyarmu ta buga ƙofa. Na ji tsohuwar tana tambaya a firgice ko ta yi ɓarna ne. Washegari aka sake. A rana ta uku na hau kujera na cire batirin, na jefa shi a aljihun teburin kicin, wurin cokula. Na ce wa kaina tsohuwa ce ta bar gidanta ta zo ta yi mana hidima, ba zan bar wani faifai a sili yana yi mata tsawa ba. Na ji daɗin kaina a ranar.

Dusar ƙanƙarar ta fara ne da hantsi, a tsakiyar Maris, lokacin da mutanen garin suka fara cewa hunturu ya ƙare. Mako guda kafin nan har ciyawa ta fara leƙowa a gefen titi. Dusar ta fara sauka manya-manya, jiƙaƙƙiya, mai nauyi, iska tana kora ta a kwance. Zuwa azahar ba a ganin gidan da ke tsallaken titi. A wurin ajiyar kaya inda nake aiki aka sallame mu da wuri. Tafiyar rabin awa ta ci mini awa uku a bas. Ina shiga layinmu na ji wani reshe ya karye da ƙara kamar harbin bindiga, na ga ya faɗa kan waya. Na hau sama na tarar da gida duhu-duhu, firij ya yi shiru.

Tsohuwar ko a jikinta. Na ji tana dariya a ɗaki. "Angona, ashe su ma ana ɗauke musu kuran? To ai mun zo gida."

Ba wanda zai koya wa mutumin N'Djamena zama babu kuran, wato wutar lantarki. Mun yi kwanaki, mun yi makonni. Amma a gida in wuta ta tafi, abin da ka rasa fanka ce da ruwan sanyi. A wannan gidan komai da ita yake aiki: murhu, tankin ruwan zafi, da ƙarafunan ɗumama ɗaki da ke bin gindin bango. Wankan yamma an yi shi da abin da ya rage a tanki. Tsohuwar ta taɓa ruwan ta ce wannan ko kaza ba za a fige da shi ba, amma ta yi.

Gari ya waye dusar ta tsaya, sama ta yi tas, sanyi kuma ya sauko irin wanda ban taɓa ji ba a shekaruna a can. Ma'aunin da ke jikin taga ya wuce ashirin ƙasa da sifili. A cikin falo ina ganin numfashina. Motocin layinmu sun zama tuddai farare a jere, ba ka bambanta taka da ta wani. Tun farkon hunturu na liƙe tagoginmu da leda, kamar yadda kowa ke yi a can don kada iska ta shigo, na kuma toshe gefen ƙofofi da roba. Gidan ya zama kamar kwalba mai murfi.

Lokacin wankan safe ya yi ya wuce. Na ji takalmin tsohuwar yana kai da kawowa tsakanin ɗaki da kicin. Ta murɗa murhu, ta murɗa famfo, ta koma. Sai na ji an ja ƙofar baranda, an rufe. A barandar akwai buhun gawayi da na saya tun damina ta can don gashin nama, ya rage fiye da rabi.

Shekara tara na yi ina karanta labarai da sanarwa da Hausa a wani gidan rediyo a N'Djamena kafin mu taso. Na san abin da garwashi ke yi a rufaffen ɗaki. Yana fitar da iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Mutum ya ji ciwon kai, ya ji kasala da barci mai daɗi, shi ke nan. A gida ɗakunanmu suna da kafofi ta ko'ina, banɗakin Moursal kuwa ko rufi ba shi da shi, sama ce a kanka. Tsohuwar ta shekara fiye da hamsin tana hura wuta, ba ta taɓa hura ta a cikin kwalba ba.

Na tare matata a kicin. Tana sanye da rigunan sanyi biyu, idanunta sun faɗa don rashin barci.

"Ki gaya wa Inna kada a hura gawayi a cikin gidan nan. Yana kisa."

"Kai ka gaya mata mana."

"Kin san ba zan iya ba."

"Ni jiya da na ce a bar wankan yamma, ka san abin da ta ce? Wai tun da na zo ƙasar Nasara na fi ta sanin haihuwa. Har kuka ta yi."

"Ki dai gaya mata. Ki ce yana kisa."

"To. Na ji."

Ta shiga ɗaki. Bangon siriri ne, na ji komai.

"Iya, ya ce wai gawayin nan a bar shi, na gashin nama ne, ba shi da kyau a ɗaki."

Sannan muryar tsohuwar, a hankali, da ɗan raha a ciki: "Angona, ka ji? Uwarka sanyi zai shige ta, ana tattalin gawayin tsire. Ka ce musu in Allah ya kai ni gida zan aiko da buhu."

Na tsaya a kicin hannuna a kan tebur. Na ji da kunnena cewa saƙon bai isa ba. An sassauta shi a hanya, kamar yadda 'ya ke sassauta wa uwa magana, har ya rasa abin da ke cikinsa. Taku huɗu ne tsakanina da ƙofar. Amma abin da ya fi damuna a wannan lokacin, in zan faɗi gaskiya, shi ne an kira ni marowaci. Na ji zafin maganar har wuyana. Na sa takalmi na ɗauki shebur na sauka.

Dalilina na sauka mai kyau ne. Hannun jaririn ya yi sanyi tun da safe, kuma wuri ɗaya da zan iya samar masa ɗumi shi ne cikin mota. Na shafe fiye da awa ina haƙa. Dusar ta daskare ta sama, sai na fasa ta sannan in kwashe. Gashin hancina ya sandare, yatsuna suka daina ji. Na kula sosai da bayan motar. Na share bututun hayaƙi tas, na buɗe masa fili kamu biyu, domin na san in dusar ƙanƙara ta toshe shi gubar ciki take komawa. Na durƙusa na leƙa, na sake sharewa. Sannan na tayar da injin, na hau ɗauko yaro.

Ina buɗe ƙofa na ga sawun dusar ƙanƙara a kan darduma daga baranda zuwa banɗaki, ko narkewa bai yi ba. Jaririn yana kan kujerar falo a nannaɗe. Ƙofar banɗaki a rufe, ana hira a ciki. Matata ta fito, fuskarta ta yi haske, tana murmushi karon farko tun jiya.

"Ka ji ɗumin da ke ciki kuwa? Kamar Moursal."

"Na ce kada a hura."

"Minti goma ne. Ruwa na tafasa za mu kashe. Ka ɗauki yaron ka je."

Ta koma ta rufe. Na matsa har bakin ƙofar. Ina jin ƙarar mafici, ina jin garwashi yana ƙas-ƙas. Na yi gyaran murya.

"Ana magana?" in ji tsohuwar daga ciki.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yawwa, sannu."

Na je kicin na yage ledar taga, na buɗe ta kamar faɗin yatsa biyu. Iska ta shigo kamar wuƙa. Kafin in gama saka yaron cikin rigata, na ga an turo tawul daga ciki an toshe ƙarƙashin ƙofar banɗaki, don kada sanyin da na shigo da shi ya same su. Na ga wannan ma. Na sauka.

A mota akwai ɗumi. Yaron ya saki jiki a ƙirjina ya yi barci. Na kunna rediyo. Wata mata tana karanta sanarwa da Faransanci, da murya irin wadda na sani, wadda ba ta sauri ba ta rawa: unguwannin da ba wuta, wuraren da aka buɗe don mutane su je su ji ɗumi, sannan gargaɗi, kada kowa ya kunna murhun gawayi ko injin wuta a cikin gida. Har na lura ta yi numfashi a inda bai kamata ba a tsakiyar jimla. Na ɗaga kai na dubi tagarmu. Babu abin gani. Na dubi agogo na ce minti goma. Da suka cika na ce babbar tukunya ce, ruwan kuma daga famfo kamar ƙanƙara yake, ba zai tafasa da wuri ba. Na ce in na hau yanzu zan tarar ana wanka, in tsaya a bakin ƙofa in ce me? Sanarwar ta sake zagayowa. Na kira wayar matata ta yi ta ƙara. Na ce ai ba ta shiga wanka da waya.

Minti arba'in na yi a motar. Na sani domin agogon yana gabana.

Da na hau, gidan shiru. Ba ƙarar ganye, ba hira. Na buga ƙofar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ke zaune ita kaɗai, na miƙa mata yaron. Na kira matata daga falo. Sai kuma na tsaya a ƙofar banɗaki na yi sallama. Har a lokacin sallama na yi.

Tawul ɗin ya riƙe ƙofar, sai da na sa kafaɗa. Zafi ya bugi fuskata. Kanun yana tsakiya, cike da jan garwashi, tukunya a kai tana tururi, ruwan bai ma kai ga tafasa ba. Matata tana kwance a gefen baho, kanta a kan hannunta kamar mai hutawa. Tsohuwar tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, ɗaurin ƙirji kawai a jikinta, ɗankwalinta ya zame, damin ganye a hannunta. Idanunta a buɗe, amma ba ni suke kallo ba. Ranar na fara ganin fuskarta sosai, da furfurarta. Ta fi yadda nake zato ƙanƙanta.

Na ja matata zuwa falo. Na dawo na ɗauki surukuwata a hannu kamar yarinya. Ta yi ƙoƙarin ture ni, hannun ba ƙarfi. Na yage ledojin tagogi duka, na buɗe ƙofar baranda, na ɗauki kanun da tawul na jefa shi cikin dusar ƙanƙara. Na kira lambar gaggawa na ba da adireshi dalla-dalla, na maimaita lambar gida sau biyu. Muryata ba ta yi rawa ba.

'Yan kwana-kwana ne suka fara isowa, a ƙafa daga bakin layi domin motarsu ta kasa shiga. Maza huɗu, manya, da takalman da suka cika falon da ruwa. Suka sa wa matan abin shaƙar iska a fuska. Matata ta farfaɗo tana amai. Tsohuwar tana ta laluben abin rufe kai, hannunta na zamewa. Ɗayansu ya ɗauka sanyi take ji, ya lulluɓa mata bargo a kafaɗa ya bar kan a buɗe. Ni na gane abin da take nema. Lafayarta tana kan kujera kusa da ni. Na miƙa wa maƙwabciyar, na ce ta rufa mata.

Babbansu yana riƙe da wata na'ura da ke ta kuka. Ya tambaye ni wa ya hura wutar. Na amsa nan take, da Faransancina mai kyau. Na ce tsohuwar ce, bai fi mako uku da zuwanta daga Afirka ba, ba ta san yadda abubuwa suke a nan ba. Ya gyaɗa kai, irin gyaɗa kan wanda ya saba jin haka. Sai ya miƙa hannu ya ciro faifan daga sili, ya juya bayansa, ya nuna mini ramin batirin.

"Wannan fa? Wa ya cire?"

Na ce ban sani ba, wataƙila haka muka tarar da shi.

Matata tana kwance a kan darduma, abin shaƙar iska a fuskarta, idanunta a kaina. Ita ta riƙe mini kujerar ranar da na cire. Tsohuwar ba ta jin Faransanci sosai, amma duk wanda ya rayu a N'Djamena ya san kalmar Afirka in an faɗe ta da wannan muryar.

Sun kwana biyu a asibiti. Likita ya ce da an ƙara kwata ɗaya na awa da magana ta canza. Ya ce yaron kuma, da yana gidan, ba a sani ba. Wata ma'aikaciya ta yaba mini da na fitar da shi, ta ce na yi tunani. Matata ta yi watanni tana fama da ciwon kai. Tsohuwar hannunta na dama ya kama rawa, kuma takan tsaya a tsakiyar magana tana neman kalma.

Wuta ta dawo a rana ta uku. Aka share titi, manyan motoci suka kwashe dusar, cikin mako guda ruwa yana gudu a kwata kamar ba a yi komai ba. Ranar da suka dawo gida na wanke tukunyar na ɗora ta a murhu da kaina, na cika ta, na koma falo. Ruwan ya tafasa ya yi ta tafasa. Ba wanda ya fito. Daga baya matata ta zo ta kashe.

"Ta ce ta gama. A canza mata tikiti."

"Saura kwana goma sha bakwai."

"Na iya ƙirga."

Tsohuwar ba ta sake aiko da jaririn da saƙo ba. Gaisuwar safe tana nan yadda take, kalma goma ta bayan ƙofa. Da baƙo zai zo ya gan mu, da ya ce bai taɓa ganin surukai masu ladabi irin wannan ba. Na kai ta filin jirgi tana bayan mota, ina gaba, matata a tsakaninmu. Batirin kuwa na mayar da shi tun daren da suka kwana a asibiti.

A Moursal labarin da aka sani shi ne sanyin ƙasar ya buge ta. Ita ta faɗa haka, ba ta ƙara komai ba. 'Yan'uwan matata suka yi ta kira suna yi mini godiya da na kula da ita, suka ce sun ji har ɗaukarta na yi.

Sai bayan shekara biyu muka je gida, a watan Afrilu, zafi yana kan ganiyarsa. Mun sauka gidanmu a unguwar Abena. Tun a jirgi nake shirya abin da zan ce. Na tsara shi kamar yadda nake tsara labari a da: abin da ya faru, wanda ya yi, abin da aka ɓoye. Jimla uku ne. Na cire batirin. Na san gawayi yana kisa, na tsaya a ƙofa ban faɗa ba. Na ɗora muku laifi a gaban baƙi. Na maimaita su a bayan kalando, ɗan babur ɗin da ya kai ni Moursal, har ya juyo ya tambaye ni da Larabci ko da shi nake.

Matata ta riga ni zuwa tun safe da yaron. Aka yi mini iso har ƙofar ɗakin tsohuwar, abin da ba a taɓa yi ba. Na cire takalmi na durƙusa a kan siminti mai zafi. Labule ne tsakaninmu, mai ruwan ƙasa, ina hango ƙafafunta ta ƙasansa. A tsakar gida wata tana dafa shayi a kanun, a fili, hayaƙi yana tafiyarsa sama.

"Inna, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi."

Na ji an ajiye kofi a faranti, yana ƙarar rawa kafin ya zauna. Yaron ya fito daga bayan labule ya dube ni ya koma. Jimlolin suna nan a bakina a jere. Na ce, "Ya zafi?"

"Lokacinsa ne."

Sannan ta yi magana, ba da ni ba, ba kuma da yaron ba. Da 'yarta take, amma ba ta rage murya ba.

"Ki ce masa shekara tara ina jin muryarsa a rediyon nan. Ya ce a tafasa ruwan sha, na tafasa. Ya ce a kai yara allura, na kai ƙannenki duka. Ban taɓa..." Ta tsaya tana neman kalmar. Muka jira. "Ban taɓa musa masa ba. Ki ce masa da ya faɗa, da na ji."

Matata ta ɗaga labulen kaɗan ta leƙo. Ta dube ni ina durƙushe, gumi yana bin wuyana.

"Ka ji ai," in ji ta.

"Na ji."

"Akwai amsa?"

Taku ɗaya ne wannan karon, kuma labule ne, ba ƙofa ba. Na ce, "Ki ce mata Allah ya ƙara sauƙi."

Ta saki labulen. Na ji ta juya ta maimaita, kalma da kalma, ba ta sassauta komai ba. Na sa takalmina na fita ta zaure.